Injin Ƙyanƙyasar Ƙwai: Abin Dubawa Kafin A Kwance Lalita

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata. An buga shi a nan saboda 'yan uwa da ba su sami halarta ba.)





Shugabanni sun ɗora mana nauyin mu yi magana a kan injin ƙyanƙyasar ƙwai, wanda masu sayarwa ke kira inkubeta. Dalilin kawo maganar ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni na wannan shekarar, kowane gida yana neman abin da zai ƙara da shi. Kiwon kaji kuwa shi ya fi kusa da hannu, musamman ga iyayenmu mata. Ana cikin haka sai ga tallan injin nan ya cika wayoyinmu, a Facebook da WhatsApp, ana nuna 'yan tsaki fal cikin akwati suna ta tsuwwa. Mace ta ɗauki adashinta na wata shida ta saya, ta kuma sayi ƙwai ta zuba, bayan mako uku a buɗe a tarar da baragurbi. Wannan asara ita muke so mu tare tun kafin ta shigo gidajenmu.

Mu dai 'yan kasuwa ne, saboda haka da lissafi za mu yi magana. A wurin ɗan kasuwa, ana auna arahar inji da kuɗin da kowane tsako mai rai ya ci kafin ya fito. Kuɗin da aka biya a shago kashi ɗaya ne kurum na wannan lissafi. To, akwai tambayoyi uku da ya kamata mutum ya amsa wa kansa kafin ya tambayi farashi: ina wuta, ina ƙwai, kuma wa zai kula? Amma bari mu fara da sanin aikin da injin ke yi.

ABIN DA KAZA KE YI A KAN ƘWAI

Injin nan ba wani abin mamaki yake yi ba, kwaikwayon kaza mai kwanci yake yi. Abu huɗu kaza ke ba ƙwai: ɗumi, danshi, juyi da iska.

Ɗumin da ake bukata a injin da ke da fanka a ciki shi ne digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, dare da rana. Danshi kuwa kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, sannan a ɗaga shi zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe, domin kada fatar cikin ƙwan ta bushe ta naɗe tsakon. Juyi aƙalla sau uku a yini, in an yi biyar ya fi, don kada tsakon ya manne a gefe guda. A rana ta 18 sai a daina. Iska kuma dole ce, domin ƙwai yana numfashi ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ɓawonsa.

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. Na zabuwa 26 zuwa 28, na talotalo 28, na salwa 17 zuwa 18, na agwagwar gida irin tamu mai jan fuska kuwa sai ya kai 35. Ku riƙe waɗannan lambobi, domin duk injin da za ku saya a kansu za a gwada shi.

Wannan sana'a tsohuwa ce. Mutanen Masar sun fi shekara dubu biyu suna ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakunan ƙasa da suke ɗumamawa da wuta, ba lantarki ba ma'auni. Mai kula da ɗakin yakan ɗora ƙwan a fatar idonsa ya ji ko zafin ya yi daidai. Abin da ya sa suke dacewa shi ne akwai mutum a wurin dare da rana. Wannan kuwa har gobe bai canja ba.

TAMBAYA TA FARKO: INA WUTA?

Jama'a, kwana 21 awa 504 ke nan. Injin da ke aiki da lantarki yana son wuta a dukkan awoyin nan. Mu duba abin da ke hannunmu. Kamfanin AEDC, mai raba wuta a Abuja da jihohin Neja, Kogi da Nasarawa, yana aiki da tsarin rukuni biyar da hukumar NERC ta tsara. Rukunin A an yi masa alkawarin awa 20 a yini, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Kowa a nan ya san rukunin layinsu, ko ya duba takardar kuɗin wutarsa. Idan kana rukunin C, ko an cika alkawari daidai, rabin lokacin babu wuta, watau awa 252. Idan D ne, awa 336 ke nan injin yana zaune a duhu. Wannan fa ba a sa ranar da taransifoma ta lalace ba, ko ranar da babban layin ƙasa ya faɗi, kamar yadda ya yi ta faɗuwa a 2024.

Kuɗin wutar kansa ba shi da yawa. A ce an rubuta 80W a jikin injin. Ko da bai huta ba, yunit 40 zai sha a kwana 21. Ko a farashin rukunin A da aka sa a watan Afrilu na 2024, watau N225 kowane yunit, kimanin N9,000 ke nan. Rashin wutar shi ne matsala.

Kaza kanta takan sauka daga kan ƙwai ta ci abinci ta sha ruwa na ɗan lokaci kowace rana, saboda haka ɗaukewar wuta ta awa ɗaya ko biyu ba ta kashe tsako, in dai ba a buɗe injin ba. Amma a kwana babu wuta, gobe ma a kwana, musamman cikin hunturu, to ƙyanƙyasa za ta yi jinkiri, da yawa su mutu a ciki, waɗanda suka fito su fito a raunane.

Wani zai ce ai yana da janareta. To ka zauna ka lissafa man awa 252 ko 336 a farashin da ka sayi lita jiya, ka raba shi a kan 'yan tsaki arba'in. Za ka ga gara ka sayo tsakon daga kamfani. Ban da haka, wa zai tashi ƙarfe biyun dare ya ja janareta kwana ashirin da ɗaya a jere?

Saboda haka shawararmu ta farko: duk ƙaramin injin da za a saya a unguwanninmu, ya zama mai hanya biyu, watau yana cin wutar gida, yana kuma cin batir kai tsaye. Za ku ga an rubuta 220V da 12V a jikinsa, da waya mai baki biyu, ja da baƙi. Da an ɗauke wuta sai ya koma kan batir da kansa. Lissafin batir kuwa ga shi: batir mai 100Ah a kan 12V yana riƙe da wat 1,200 na awa guda. Batir irin na ruwa ba a shanye shi ƙarƙaf, rabi ake amfani da shi in ana so ya daɗe, watau 600. Ka raba 600 a kan 80, ka sami awa bakwai da rabi. Da yake injin yana hutawa idan ɗumi ya kai, zai wuce haka. Idan aka haɗa da faifan sola da zai cika batirin da rana, to an huta. Amma a tuna, a watan Agusta hadari yakan rufe rana a nan Abuja, sai a sa mai haɗa sola ya yi lissafinsa da damina, ba da bazara ba. Kuɗin batir da sola a sa su cikin kuɗin inji tun farko, domin sau da yawa sun fi injin kansa tsada.

TAMBAYA TA BIYU: INA ƘWAI?

Nan ne wuri na biyu da kuɗi ke nutsewa. Ƙwan da ake sayarwa a kiret a kasuwar Wuse ko Utako ko bakin titin Mararaba, na ci ne. Kajin gidan gona da suka yi shi ba zakara a cikinsu, ko shekara ya yi a inji ba abin da zai fito. Ƙwan ƙyanƙyasa sai daga garken da ke da zakara lafiyayye, ɗaya ga kaji takwas zuwa goma.

Sannan ƙwan ba ya son daɗewa. Daga ranar da kaza ta saka shi, kada ya wuce kwana bakwai ba a sa shi a inji ba. Kowace rana bayan nan ƙarfinsa raguwa yake yi. A ajiye shi wuri mai sanyi-sanyi, kamar gindin randa, bakin mai tsini yana kallon ƙasa. Kada a sa a firij, kada a bar shi a ɗakin kwano mai zafi, kada kuma a wanke shi, domin wanki yana cire abin da ke kare ɓawon daga ƙwayoyin cuta. A rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir. Mai tsaga, mai kashi a jiki, ƙato fiye da kima ko ƙanƙane, duk a kai su kicin. Ƙwan da ya sha girgiza a mota ko a kan babur, a bar shi ya huta yini guda kafin a sa.

Wannan shi zai gaya maka girman injin da ya dace da kai. A ce kowace kaza tana ba ka ƙwai huɗu a mako. Kafin ka cika injin ƙwai 60 cikin kwana bakwai, sai kana da kaji goma sha biyar da suke saka a lokaci guda. Mai kaji biyar da ya sayi injin ƙwai 128, me zai zuba a ciki? Kada kuma a ce za a riƙa ƙarawa kullum kaɗan-kaɗan. Ƙaramin inji ɗaki ɗaya ne; ranar da na farko ke son a daina juyi a ƙara danshi, na baya suna son juyi. A zuba gaba ɗaya, a kwashe gaba ɗaya.

Game da iri kuma, akwai kajin da aka inganta a ƙasar nan. Cibiyar NAPRI da ke Shika, ta Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da ShikaBrown mai yawan ƙwai. Jami'ar aikin gona ta Abeokuta ta fitar da FUNAAB Alpha. Akwai kuma Noiler ta kamfanin Amo da ke Awe a Jihar Oyo, wadda da yawanmu ke kiwo. Abin lura shi ne, kajin da aka haɗa iri biyu aka samar da su, idan ka tara ƙwansu a gida ka ƙyanƙyashe, 'ya'yan ba lallai su yi girma ko ƙwai irin na iyayen ba. Wanda ke son irin kamfani tsantsa, hanyarsa ita ce sayen tsako ko ƙwai daga wakilin kamfanin. Injin gida ya fi amfani ga kajinmu na Hausa, da zabi, da talotalo, da salwa. Zabi ma musamman, domin da damina suke zuba ƙwai da yawa, ba su kuma damu da kwanci ba, shi ya sa tun a gida iyayenmu ke sa wa kaza ƙwansu.

IRE-IREN INJIN DA KE KASUWA

Na farko, ƙananan na roba da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, daga mai ɗaukar ƙwai goma sha biyu zuwa mai ɗari da wani abu. Su suka fi sauƙin kuɗi, yawancinsu suna juya ƙwai da kansu. Rauninsu shi ne jikinsu sirara ne, da an ɗauke wuta ɗumi ya gudu. Idan ya zo da kwalin soso fari, kada a yar, a bar injin a cikinsa, amma kada a toshe ƙofofin iska.

Na biyu, waɗanda masu sana'ar hannu ke haɗawa a nan gida da katako ko da tsohon firij, su sa masa fanka da abin ɗumi da na'urar da ke kashewa da kunnawa, irin wadda ake kira XM-18. Tsohon firij yana riƙe ɗumi ƙwarai, kuma idan abu ya lalace mai gyara yana kusa. Amma ingancinsa ya dogara ga wanda ya haɗa. Kada ka ba da kuɗi sai ka ga wani injin da ya haɗa yana aiki a gidan wani, ka kuma tambayi mai gidan ƙwai nawa ya zuba, nawa suka fito.

Na uku, mai aiki da kananzir, wanda fitila ke ɗumama ruwa ko iska a cikinsa. Ba ruwansa da lantarki, amma yana son ido sosai: gyaran lagwani, juya ƙwai da hannu, lura da hayaƙi. Ga tsadar kananzir, ga haɗarin gobara a gidajenmu na haya da ɗakuna ke manne da juna. Wanda bai da mai zama a gida, ya bar shi.

Na huɗu, manyan na ƙarfe masu ɗaukar ƙwai ɗari biyar zuwa dubbai. Waɗannan na masu gidan gona ne. Wasu masu irinsu sukan karɓi ƙwan mutane su ƙyanƙyashe, a biya su kan kowane ƙwai. Mai son farawa zai iya gwada wannan hanya tukuna, ya ga ingancin ƙwansa kafin ya sayi nasa injin.

Na biyar kuwa, kada mu raina ta, ita ce kaza mai kwanci. Tana ɗaukar ƙwai goma zuwa sha biyu, ba ta neman wuta, ta ƙyanƙyashe ta kuma yi reno. Wanda bukatarsa 'yan tsaki ashirin ko talatin ce a shekara, kaji biyu ko uku masu kwanci sun ishe shi, ya ajiye kuɗinsa ya sayi abinci da magani. Amfanin inji yana fitowa ne idan ƙwai ya fi ƙarfin kajin da ke kwanci, ko ana so kaza ta koma saka da wuri maimakon ta shafe watanni tana kwanci da reno.

ABIN DUBAWA A SHAGO

Idan ka yanke shawarar saye, to ka je da idonka. Ka sa a kunna a gabanka, a wutar gida da kuma a batir. Ka duba akwai fanka, kuma tana juyawa. Ka sa a danna abin juya ƙwai ka ga ya motsa. Mai sanduna masu mirginawa yana karɓar ƙwai manya da ƙanana, mai gurabe kuwa sai girman da aka yi shi dominsa. Ka tambaya, adadin da aka rubuta a kwali na ƙwan kaza ne ko na salwa, domin bambancin yana da yawa. Ka duba ko ana zuba ruwa daga waje ba sai an buɗe murfi ba, ko murfin ana ganin ciki ta jikinsa, ko yana ƙara idan zafi ya wuce kima. Ka tambayi kayan gyara: fanka, abin ɗumi, ɗan injin juyi, da wayar da ke jin zafi. Injin da ba a samun kayansa, ranar da ya tsaya ya zama akwatin ajiye takalma. Ka karɓi rasit, ku kuma yi magana a fili a kan mayarwa idan bai yi aiki ba. Wanda aka gani a waya kuwa, kada a tura kuɗi sai kaya ya iso hannu.

Da ka kawo shi gida, kada ka zuba ƙwai ran nan. Ka kunna shi babu komai na yini biyu. Ka sayi ma'aunin zafin jiki irin na asibiti a kemis, kuɗinsa kaɗan ne, kuma a daidai wannan zafi aka yi shi ya yi aiki. Ka ajiye shi a tsayin da saman ƙwai zai kai, ka gwada tsakiya, ka gwada kusurwoyi. Lambar da ƙananan injuna ke nunawa a fuskarsu takan saɓa wa gaskiyar abin da ke ciki, kuma digiri ɗaya sama ko ƙasa na tsawon mako uku ya isa ya ɓata aiki. Zubin farko kuma a yi shi da ƙwan kajin gida, kada a fara da na talotalo mai tsada.

YANAYIN GARIN NAN

Injin nan ɗumamawa ya iya, bai iya sanyayawa ba. A watan Maris da farkon Afrilu, ɗakin kwano mara silin da rana tsaka yakan fi zafin da ƙwai ke so, kuma zafi ya fi sanyi saurin kisa. Awoyi kaɗan sama da digiri 40 sun isa. A nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga da murhu, a ɗora injin a kan tebur inda yara da ɓera ba za su kai ba.

Danshi ma yana bin lokaci. Cikin hunturu, Disamba da Janairu, iska a bushe take, ruwan cikin inji yana ƙafewa da wuri, sai a riƙa dubawa safe da yamma. Da damina kuwa iskar kanta a jiƙe take, idan aka cika ruwa kamar yadda takardar kamfani ta ce, danshi ya yi yawa, tsako ya kasa samun wurin numfashi ya mutu dab da fitowa. A bi ma'auni, kada a bi takarda ido rufe.

A rana ta bakwai zuwa ta goma, a haska ƙwan da tocila a ɗaki mai duhu. Mai rai za a ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo. Wanda ya fito garau, ba komai a ciki, a cire shi, domin ruɓaɓɓen ƙwai yakan fashe ya ɓata saura. Wannan dubawa kuma ita ke raba gardama: idan rabin ƙwan garau ne, laifin zakara ne ko mai sayar da ƙwai, idan sun kama suka mutu daga baya, sai a tuhumi ɗumi da danshi. Daga rana ta 18 a rufe, kada a riƙa buɗewa don leƙe, kada kuma a yi gaggawar ɓare wa tsako ɓawo.

TAMBAYA TA UKU: WA ZAI KULA?

Mafi yawanmu asuba muke fita, sai dare, wani daga Zuba zuwa cikin gari, wani daga Nyanya, wani Dei-Dei. Ashe ke nan aikin a hannun uwargida zai faɗa, ko wani yaro mai hankali. To a yi shawara da ita tun kafin a saya, a koya mata lambobin nan, a kuma ba ta littafi ta riƙa rubuta zafi da danshi safe, rana da dare. Idan kuɗinta ne, to kajin nata ne, maigida ya taimaka da batir ya kuma kau da ido daga ribar.

Kulawa ba ta ƙarewa ranar ƙyanƙyasa. Tsakon inji maraya ne. A bar shi a ciki ya bushe, sannan a mai da shi wurin reno mai ɗumi, digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa kaɗan-kaɗan kowane mako. Idan da gawayi za a ɗumama, a bar wa iska hanya. Idan kun ga sun taru a jikin wuta, sanyi suke ji. Idan sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. Kwanon ruwa kada ya yi zurfi. Kafin a zuba ƙwai, a tanadi wurin renon da abincin 'yan tsaki na aƙalla wata guda.

Sai rigakafi. Cutar nan da ke share kaji lokacin hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasil, da kuma Gumboro, duk suna da rigakafi, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin su. A nemi likitan dabbobi ya tsara ranakun. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, akwai kuma malaman gona na ADP. Manyanmu suna tune da murar tsuntsaye da aka tabbatar da ɓullarta a Jaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, da irin kajin da aka rasa. Saboda haka kada a karɓi ƙwai daga gidan da kaji ke mutuwa, ko kyauta ne. Bayan kowace ƙyanƙyasa a wanke injin, a shanya shi ya bushe. Masu zaman haya kuma su sanar da mai gida da maƙwabta tun da wuri, domin tsako arba'in yau, nan da wata uku kaji arba'in ne, da warinsu da ƙararsu.

LISSAFIN ƘARSHE

Farashin inji yana bin dala, abin da aka faɗa yau ba shi za a tarar wata mai zuwa ba. Amma hanyar lissafin ba ta canjawa. Ka haɗa kuɗin inji da batir da sola, ka raba a kan yawan zubin da za ka yi cikin shekara biyu. Ka ƙara kuɗin ƙwai da na wuta na zubi guda. Sannan ka raba a kan 'yan tsakin da za su fito da rai. Kada ka sa 60 don ka zuba 60. A ce 50 ne suka kama, 35 ko 40 suka fito, wannan a injin gida aiki ya yi kyau. Abin da ya fito, ka gwada shi da farashin tsako ɗan kwana ɗaya a wurin dillali. Idan naka ya fi sauƙi, ka saya. Idan bai fi ba, ka sayi tsako ka yi kiwonka, ba abin kunya a ciki.

Muna kuma roƙon shugabanni su duba wata shawara. Maimakon gida goma su sayi ƙananan injuna goma, kowanne ba batir, ɓangaren mata na ƙungiya ya haɗa kuɗi a sayi guda ɗaya mai kyau, da batir da sola, a ajiye a gidan da ake da mai zama kullum. Kowace ta kawo ƙwanta da alamarta a jiki, a zuba rana ɗaya, a biya ɗan abin da aka yanke kan kowane ƙwai, a riƙa sallamar mai kula, a ajiye saura don gyara. A sa littafi, a sa mutum biyu masu duba shi. Idan an yi zubi uku an ga sakamako, sai a san ko za a ƙara na biyu.

Wanda ya riga ya saya, ya kawo mana lambobin da ke jikin injinsa bayan an tashi, mu zauna tare mu lissafa batirin da zai ɗauke shi. Wanda bai saya ba, ya je gida ya ƙirga awoyin wutarsu na mako guda da ƙwan da kajinsa suka saka a makon, ya zo da lambobin a taro mai zuwa.